Kurakuran da ke kashe ƙungiyar masu haɗa manhajar waya a Zariya, da yadda za a gyara su

Kafa ƙungiyar masu haɗa manhajar waya a Zariya ba ya ɗaukar mako guda. Samari huɗu ko biyar su tsaya hira bayan lacca a Samaru, ɗaya ya buɗe zauren WhatsApp, wani ya zana tambari, kafin Juma'a ta zagayo zauren ya cika maƙil. Mutanen kuwa akwai su. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa tun 1962, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa duk shekara, ga kuma yaran gari da suka koyi rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, da kansu a YouTube. Inda gizo ke saƙar shi ne zama na biyar da na shida. A nan ne za ka tarar kujeru sun fi mutane yawa, zauren kuma ya koma wurin tura talla da barka da Juma'a.

Kusan duk abin da ke jawo haka tushensa ɗaya ne. Masu shiryawa suna kwaikwayon tarukan da suke gani a hotunan Legas da Abuja, inda akwai ɗaki mai sanyi da intanet kyauta da kamfanin da ya biya komai. Sai su manta cewa wanda zai zo musu matashi ne mai laftof 'yar gwanjo, da datar da ya tsakura daga kuɗin abincinsa, wanda kuma dole ya koma Tudun Wada kafin dare ya yi.

Buɗewa da gagarumin biki

Kuskuren da ya fi cin kuɗi na ranar farko ne. A kama babban ɗakin taro, a buga allon talla, a ɗinka riguna masu tambari, a gayyato shugaban taro da babban baƙo da uban taro. An sa ƙarfe goma, manya ba su iso ba sai sha biyu saura, a yi jawabin maraba, a yi na godiya, a ɗauki hoto, kafin mai koyarwa ya buɗe kwamfutarsa an kira Azahar. Jama'a su watse da shinkafa a roba, ba wanda ya rubuta ko layin kod ɗaya. Mafi muni, bikin yakan zama ma'auni. Zama na biyu da babu abinci babu riga sai a ga kamar ƙungiyar ta gaza, har su masu shiryawar gwiwarsu ta yi sanyi.

Ku fara da mutum goma zuwa sha biyar a aji ɗaya. Ku tsayar da ranar da ba ta canjawa, misali Asabar ta farko da ta uku a kowane wata, kuma ku zauna ko mutum huɗu ne suka zo. Biki in za a yi, a bari sai an shekara, lokacin da akwai manhajojin 'yan ƙungiya da za a nuna wa baƙi. Haka batun neman shiga ƙarƙashin Google Developer Groups ko wani babban shiri irinsa. Yana da amfani, yana haɗa ku da tarukan DevFest na shekara-shekara, amma wanda ya kasa tara mutum goma babu sunan, da sunan ma ba zai tara su ba.

Kada kuma ku rubuta "akwai satifiket" a sanarwa. Za ku cika ɗaki da waɗanda takardar suka zo karɓa, su hana masu son koyo wurin zama. Mai haɗa manhaja in ya je neman aiki, shafinsa na GitHub, inda ake ajiye kod a intanet, da manhajar da ke aiki a waya su ake tambayarsa.

Ranar koyarwa ta koma ranar sauke kaya

Wannan ne ya fi kashe zama a garin nan, don haka zan ɗan daɗe a kansa. An sanar cewa za a koyi haɗa manhajar Android ta farko, kowa ya zo da laftof. Mutum ashirin sun zo, uku ne kawai suke da Android Studio, manhajar da ake haɗa ta Android da ita, a kwamfutarsu. Sauran nan take za su fara saukewa, duk a kan wayar mutum ɗaya da ya kunna musu intanet. Shi kansa Android Studio ya haura gigabait ɗaya. Bayansa ga kayan SDK, wato kayan aikin gina manhajar Android, ga tsarin wayar kwaikwayo da ake kunnawa a cikin kwamfuta, sannan ranar farko da aka ce a gina manhaja, Gradle, mai harhaɗa kod ya zama manhaja, zai shiga intanet ya janyo nasa tarin fayiloli. Masu amfani da Flutter, wani kayan haɗa manhaja na Google, su ma ba su tsira ba, domin gina manhajar Android da Flutter ta kan SDK ɗin nan da Gradle ɗin nan dai yake bi. Awa biyu za ta wuce ana kallon layin saukewa yana rarrafe, datar mai wayar ta ƙare, a tashi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ware zama guda na girka kayan aiki kaɗai, mako ɗaya kafin a fara koyarwa. Mutum ɗaya ya sauke komai cikin dare da datar dare mai arha, ya zuba a filash biyu ko uku: Android Studio, jakar SDK, Flutter, Git mai adana tarihin kod, da direbobin USB da ke sa kwamfuta ta gane wayoyin da aka fi riƙewa. Wanda ya riga ya gina manhajar darasin a tasa kwamfutar ya kwafo ma'ajiyar da Gradle ya tara a jakar .gradle, a raba wa kowa. Wannan dabara tana rage saukewa ƙwarai, amma fa sai kowa yana kan siga ɗaya. In wani ya zo da Android Studio na bara, wani da na jiya, za ku kwana kuna bin kuskuren da ba na kowa ba. A rubuta sigar da aka zaɓa a sanarwa, a ce ita za a bi har a gama wannan zango. Masu Flutter kowa ya buga flutter doctor a gida, wato umarnin da ke duba ko komai ya girku, ya ɗauki hoton abin da ya fito ya turo zaure. Wanda ba a ga nasa ba zuwa Alhamis, a kira shi.

Sai wayar kwaikwayo, wato wadda ake kunnawa a cikin kwamfuta don gwaji. Google da kansa yana neman aƙalla gigabait 8 na RAM don Android Studio, kuma ana son fiye da haka in za a haɗa da wayar kwaikwayon. Rabin laftof ɗin da za su shigo ɗakinku gigabait 4 gare su. Mai koyarwa da kwamfutarsa mai ƙarfi ya ce kowa ya kunna, tasa ta tashi cikin daƙiƙoƙi, na sauran fanka na ihu allo ya sandare. Alhali kowa da wayar gwaji a aljihunsa. A shiga saitin waya, a nemi layin da aka rubuta Build number, a taɓa shi sau bakwai, zaɓin masu haɗa manhaja zai buɗe. A kunna USB debugging, a jona waya da kwamfuta, shi ke nan. Abin da ake yawan mantawa shi ne igiyar. Wasu igiyoyin caji masu arha wuta kawai suke ɗauka, ba sa wuce bayanai, kuma mutum zai iya ɓata rabin awa yana zargin kwamfutarsa. Ƙungiya ta sayi igiyoyi masu kyau guda biyar ta riƙa ajiyewa. Mai koyarwa kuma ya girka scrcpy, wata 'yar manhaja kyauta da ke nuna allon waya a kan kwamfuta, don jama'a su ga wayarsa ta majigi.

Ko an gama duk wannan, akwai sauran gyara wajen mai koyarwar. Gwanaye suna da gudu. Yana buga kod yana magana, rubutun ƙanana, na baya ba sa gani, kuma kunya ba za ta bar kowa ya ce an bar shi a baya ba. Ka tambayi ɗaki "kowa ya gane?" za a amsa maka da e, ko da mutum biyu ne suka gane. Don haka a daina tambayar. A ƙara girman rubutu, a tsaya bayan kowane mataki, a ce kowa ya ɗaga wayarsa a ga abin da ya fito. A zaunar da mutane bibbiyu, mai laftof da marar laftof, suna karɓa-karɓa. Ga kowane mutum biyar a samu mai zagayawa ɗaya, da sharaɗin kada ya karɓe kwamfutar mutum ya gyara masa. Ya nuna da baki, mai ita ya buga da hannunsa.

Wuri da lokaci

Zariya gari ne a warwatse. Samaru daban, Sabon Gari daban, ga Tudun Wada, ga cikin birni, ga Wusasa, ga Shika. Wanda ya taso daga Ƙofar Doka zai je Samaru yakan shiga abin hawa biyu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi. Ƙungiyar da kullum a cikin jami'a take zama ta zaɓi mutanenta ke nan ba tare da ta faɗa ba. Yaron gari da ke gyaran waya a PZ cikin Sabon Gari, wanda wataƙila ya fi kowa sanin halin wayoyin da mutane ke riƙewa, ba zai zo ba. Ko dai ku nemi wuri a tsakiya, wajajen Kwangila ko Sabon Gari, ko ku riƙa juyawa, wannan wata a Samaru, mai zuwa a Kongo ko Tudun Wada.

Kafin ku amince da wuri, ku je ku ƙirga soket da idonku. Laftof 'yar gwanjo batirinta ba ya kai awa ɗaya, wasu ma sai a jone suke tashi. Ku tambaya akwai sola ko inbata, in janareto ne wa zai sayi mai, kuma lita nawa yake sha. Ku duba wurin alwala da salla da bayan gida. Makarantu masu zaman kansu da yawa suna da ɗakin kwamfuta da ke kulle ranar Asabar, kuma mai makaranta zai iya ba ku aro in kun yi alkawarin koya wa ɗalibansa wani abu sau ɗaya a zango.

Lokaci kuwa, Juma'a da rana ba ta yiwuwa, Lahadi da safe 'yan'uwa Kirista suna coci. Asabar daga goma zuwa ɗaya, ko bayan Azahar zuwa La'asar, su suka fi dacewa. Da damina, musamman Agusta, zaman yamma caca ne da ruwan sama. Da azumi a gajarta a mayar da shi safiya. Makon jarrabawa a ɗaga, a kuma sanar da ranar dawowa tun kafin a tafi. A fara a kan lokaci ko da mutum uku ne, domin in kuka jira makararru sau biyu, masu zuwa da wuri ma za su koyi makara.

Nan ne ma maganar mata take shigowa. Masu shiryawa sukan yi ƙorafin cewa mata ba sa zuwa, alhali sun sa zama ƙarfe biyar na yamma a wurin da sai an yi tafiyar awa guda. Budurwar da ke gaban iyayenta tana buƙatar sanarwa a rubuce, mai ɗauke da wuri da lokacin tashi, wadda za ta nuna a gida, kuma a tashi a lokacin da aka rubuta ɗin. A samu mace ko biyu cikin masu shiryawa, suna koyarwa, ba rubuta sunayen mahalarta kawai ba. A kuma kafa doka tun ranar farko: duk wanda ya ɗauki lambar wata daga zaure ya bi ta da saƙon da ba ta nema ba, an cire shi, ko shi ne gwanin ƙungiyar. Mace ɗaya in ta fita saboda haka, ƙawayenta ma sun fita, kuma ba wanda zai zo ya gaya muku dalili.

Musun wanne ya fi

Kowace ƙungiya tana da mutum biyu da ba sa gajiya da musun Flutter da React Native da Kotlin, hanyoyi uku na haɗa manhajar waya. Duka ukun suna aiki. Facebook ya saki React Native a 2015, Google ya karɓi Kotlin a hukumance don Android a 2017 ya kuma fifita shi a 2019, Flutter ya kai sigarsa ta farko cikakkiya a Disambar 2018, kuma akwai manyan manhajoji da aka gina da kowannensu. Wanda musun ke cutarwa shi ne sabon shiga, da zai yi wata uku yana tsalle daga wannan zuwa wancan bai gama komai ba. Ku zaɓi ɗaya don koyar da sababbi, ku riƙe shi wata shida. Wanne? Wanda kuke da mutum biyu da suka iya shi sosai, masu zuwa kullum. Wannan kaɗai ne ma'aunin da nake ganin yana da amfani. Batun iPhone kuma a ajiye shi gefe tukuna: sai da kwamfutar Mac ake gina manhajarta, Apple na karɓar dala 99 duk shekara, kuma Tecno da Itel da Infinix ne a hannun mutanen da kuke son yi wa aiki.

Wani kuskuren shi ne cusa kowa a darasi ɗaya. In kullum daga farko ake farawa saboda sababbin fuskoki, gwanaye za su gudu. In kullum zurfi ake yi, sababbi za su gudu. A raba zaman biyu: rabin awar farko wani ya nuna wa kowa abin da yake ginawa da inda ya maƙale, sauran lokacin a rabu teburi-teburi. Gwani yana dawowa ne in shi ma yana samun wanda zai duba masa kod.

Harshe ma haka. Samaru ta tara mutane daga ko'ina a Nijeriya, wasu ba sa jin Hausa. Yaran gari kuma wasunsu Turancin lacca yana yi musu nauyi. Bayani da Hausa yana sa abu ya zauna, kuma ba abin kunya ba ne mai koyarwa ya maimaita da harshe biyu. Sai dai saƙon kuskure da kwamfuta ke fitarwa da Turanci yake zuwa, don haka a ware zama guda a koya wa mutane karanta shi: ina layin da ya fi muhimmanci, wane fayil yake nunawa, me za a kwafa a bincika. Masu kwafe kod daga ChatGPT su liƙa ba su karanta ba, a nan ake gane su, a nan kuma ake gyara su.

Gina abin da ba mai buƙata

Ka zagaya kwamfutocin 'yan ƙungiya, za ka ga manhajar lissafi, manhajar yanayin sama, da kwafin Instagram da aka bi daga bidiyo. Don koyo ba laifi. Laifin shi ne a shekara a nan. Ga tela a cikin birni yana rubuta awon mutane a littafin da ruwa ya taɓa. Ga uwar adashi tana riƙe lissafin mutum talatin a ka. Ga makarantar Islamiyya da ba ta san wa ya biya kuɗin wata ba. Ga dillalan hatsi a Giwa, ga manoman da cibiyoyin binciken noma na Samaru irin su IAR da NAERLS ke son saƙonsu ya kai gare su. Ku tura mutum uku su zauna da tela ɗaya na awa guda, su ga yadda yake aiki kafin a zana allo ko ɗaya. Sau da yawa za su dawo da labarin cewa abin da suka yi niyyar ginawa ba shi ne damuwarsa ba.

Irin wannan aiki shi ke koyar da abin da bidiyon waje ba ya koyarwa. Manhajar dole ta yi aiki babu intanet, ta adana bayanai a waya, ta tura in sabis ya dawo. Dole ta zama ƙarama, domin wayar mai shago a cike take da hotuna da bidiyon biki, kuma in wuri ya ƙare manhajarku za a fara gogewa. Dole a gwada ta a kan wayar da ta fi kowace rauni a ɗakin, ba ta shugaban ƙungiya ba. Sai rubutun Hausa. Android yana ba da damar ajiye fassarar Hausa a jakar values-ha, amma wasu nau'o'in rubutu masu ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai harafin ya fito da wata siffa daban ko ɗan akwati. Wajen bincike, wanda ya buga Danjuma yana sa ran ya ga Ɗanjuma, kuma sai an koya wa manhaja hakan. In kuma tana tura saƙon tes, harafi mai lanƙwasa guda ɗaya yana rage tsawon saƙo daga harafi 160 zuwa 70, kuɗin ya ninka. Duk wanda ya ci karo da waɗannan sau ɗaya ba ya mantawa.

Akwai kuma wani amfani da ƙungiya kaɗai ke iya yi wa mutum, wanda da yawa ba su lura da shi ba. Buɗe asusun mai haɗa manhaja a Google Play dala 25 ne, sau ɗaya. Amma duk asusun mutum ɗaya, ba na kamfani ba, da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023, sai manhajarsa ta yi gwajin rufe, wato a hannun zaɓaɓɓun masu gwaji kaɗai, na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya nemi sakin ta ga jama'a. Da farko masu gwaji 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Wanda yake shi kaɗai zai yi ta roƙon dangi da abokan da ba su san me ake nufi ba, wasu su fice a tsakiya lissafin ya lalace. Ku kuwa kuna da mutanen a ɗaki ɗaya. Ku buɗe rajistar masu gwaji, kowa ya gwada na kowa, ba wai a girka a manta ba, a buɗe a yi amfani da ita a rubuto abin da ya karye. Ƙungiyar da ta fitar da manhajar 'yan'uwa uku ta wannan hanya ba ta buƙatar allon talla kuma.

Zaure da kuɗi

Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, kuma masu shiryawa suna son ganin adadin yana hawa. Adadin ba ya nuna komai. Zaure buɗaɗɗe da aka watsa mahaɗinsa ko'ina, cikin wata biyu 'yan kirifto da masu tallar data da 'yan siyasa sun mamaye shi, masu tambayar gaske sun yi shiru. A yi zaure biyu: na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, da na tattaunawa wanda sai ka halarci zama ɗaya za a saka ka. Mai tambaya ya turo rubutun kuskuren da kod ɗin, ba hoton allo da aka ɗauka a karkace ba. Sunaye da lambobin da kuke karɓa wajen rajista kuma amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Kada ku miƙa wa mai tallafi jerin lambobin mutane don ya sayi lemo.

Kuɗi kaɗan ne ke raba abokai. In ana karo-karo don mai da ruwan sha, ma'aji daban da shugaba, kuma bayan kowane zama a turo abin da ya shigo da abin da ya fita, ko naira dubu biyu ce. Kada shugaba ya riƙa biya daga aljihunsa yana shiru. Wata rana zai gaji, kuma ba wanda zai san dalilin da zama ya tsaya.

Ku yi hattara da mai zuwa da "shawara mai kawo miliyoyi" yana neman yaran da za su gina masa kyauta, wai in ta fashe a raba. In aiki ne, a yi ciniki, a rubuta, a biya wani kaso kafin a fara. Manyan ƙungiyar su taya ƙananan yin wannan ciniki, domin yaron da bai taɓa sa wa aikinsa farashi ba zai karɓi aikin wata uku a kuɗin kati.

Komai a hannun mutum ɗaya

Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi ɗan aji uku ne ke kafa su. Shi ne mai zaure, shi ya san kalmar sirrin imel, sunansa ne a kan GitHub, shi mai makaranta ya sani. Ya shiga aji huɗu aikin kammala karatu ya danne shi, ya gama ya tafi hidimar ƙasa a wata jiha, ya sami aiki a Abuja ko Kaduna. Ƙungiyar ta bi shi. Ba a nan kaɗai matsalar take ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma a irin wannan lokaci Samaru takan zama fayau. Ƙungiyar da duk mutanenta ɗalibai ne, hutun zango ma kaɗai ya isa ya kwantar da ita.

Daga zama na uku a samu mutum uku masu riƙe da komai, kuma aƙalla ɗaya ya kasance mazaunin gari wanda ba kalandar makaranta ke juya shi ba: malami, ma'aikaci, ko mai shago. Kod ɗin ƙungiya ya zauna a asusun ƙungiya na GitHub mai shugabanni fiye da ɗaya. A rubuta takarda guda mai ɗauke da yadda ake karɓar ɗaki, wa ake kira, nawa ake kashewa a mai, ina filash da igiyoyi suke. Duk shugaban da ya shiga shekararsa ta ƙarshe ya ɗauki ɗan aji biyu yana tafiya da shi, ya bar shi ya jagoranci zama biyu ko uku shi yana zaune a baya. Waɗanda suka tafi kuma kada a cire su daga zaure. Tsohon ɗan ƙungiya da ke aiki a wani kamfani shi ne zai duba wa ƙanne kod da dare, shi zai turo sanarwar gurbin aiki, kuma in ya zo gida hutun Salla sai a sa masa zama ranar Asabar ɗin da ta biyo baya.